Launin kalifofin Chevelle ɗina, daga Maris zuwa Agusta

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Tun da na sauya wa motar rim nake ganin abin da a da yake ɓoye. Chevelle SS 396 ce ta 1970, irin waɗanda Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji: jiki matsakaici, inji na babbar mota. Lambar da ke jikinta 396 ce, amma a wannan shekarar girman injin ya riga ya kai 402, Chevrolet ne bai so ya taɓa sunan da masu saye suka saba da shi ba. Daga masana'anta ta fito da rim mai inci 14, wanda ke rufe kusan duk abin da ke bayansa. Bara na sa mata Torq Thrust masu inci 17, masu yatsu biyar, tsakanin yatsa da yatsa kuwa hannu na shigewa. Ta nan kalifa ke leƙowa, wato dunƙulen ƙarfen da ke damƙe faifan birki in an taka. Guda biyu ne a gaba, duk sun yi jawur da tsatsa kamar garmar da damina ta wuce a kanta.

A nan Mishigan ba na fitar da ita daga Nuwamba sai Afrilu saboda gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara, don haka yanzu ne lokacin aiki. Na yanke shawarar a yi wa kalifofin fentin hoda. Wa'adina Asabar ta uku ta watan Agusta, 17 ga wata, ranar jerin gwanon tsofaffin motoci a titin Woodward. Launi kuwa ja nake so, tun kafin in ɗauki sifana na san haka.

Lahadi, 10 ga Maris

Na ɗaga gaban motar, na ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, na cire tayoyi. Dogayen notuna biyu ne ke riƙe da kowace kalifa, sai tiyon man birki. Da na goge dattin bayanta sai ga sunan Delco Moraine a jikin zubin, reshen General Motors da ke Dayton a jihar Ohayo, wanda ke yi musu kayan birki a lokacin. A 1967 da 1968 kalifa mai fistin huɗu ake sa wa waɗannan motoci. Daga 1969 aka koma irin wannan, fistin ɗaya mai faɗin kusan inci 3, jikin kalifar kuma yana zamewa a kan notunan don ya jawo takalmin birkin da ke ta waje ya matse faifan. Ƙarfen zubi ne tsagwaronsa, mai nauyi, mai kaushi kamar bayan kada.

Fistin da iskar kwamfaresa na fitar da shi, bayan na sa guntun katako a inda faifai ke shiga. Duk mai son yin wannan ya janye yatsunsa, domin fitowa yake da ƙarfin da zai karya ƙashi. Na dama ya yi ramuka inda tsatsa ta ci, sai dai sabo. Robar da ke tare mai da wadda ke tare ƙura duk na cire, ba za a mayar da su ba ko da lafiyarsu lau, kuma ba robar da za ta shiga tanderu.

Abin da ya tsaya mini shi ne ɗan notin fitar da iska na hagu, ya ƙi motsi. In ya karye a ciki aiki ya koma na injin huda ƙarfe. Na jiƙa shi da man sassauta tsatsa na bar shi. Gobe za a tashi da azumi, ba na son in shiga watan da ɓacin rai.

Talata, 12 ga Maris

Ya kwance. Kwana biyu a cikin mai, ɗan zafin wuta a gefensa, sannan sifana mai kusurwa shida. Alhamdulillahi.

Asabar, 16 ga Maris

Na kai su wani ƙaramin shagon fentin hoda da ke bayan gari. Mai shagon ya zaga da ni, kuma na ji daɗin haka, don ina son in san abin da za a yi wa kayana.

Hodar busasshiya ce kamar garin fulawa, haɗin roba da launi. Bindigar feshi tana ɗora mata cajin lantarki na dubban bolt, ƙarfen kuma an haɗa shi da waya zuwa ƙasa, sai hodar ta manne masa kamar yadda ƙura ke manne wa gilashin tsohuwar talabijin. A wannan matakin ko hura ta ka yi za ta tashi. Sai an shigar da ita tanderu mai zafin digiri 400 a ma'aunin Faranhait, kusan 200 a Salshiyas, take narkewa, ta malale, ta ƙulle ta zama fata guda. Ya ce minti goman da ake rubutawa a jikin kwalin hoda ba daga rufe ƙofar tanderu ake ƙirga su ba, sai ƙarfen da kansa ya kai wannan zafin, kuma dunƙulen zubi irin nawa yana daɗewa kafin zafi ya ratsa shi. Kaurin fatar bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin dubu na inci ba, kwatankwacin silin gashi.

Na tambaye shi abin da ke raina: birki ai zafi yake yi, ba zai ƙona fentin ba? Ya ce in tuna sabon man birki na DOT 3 a wajen digiri 205 na Salshiyas aka ƙayyade masa kada ya tafasa ƙasa da haka, kuma a cikin kalifar yake zaune. Faifai na iya yin zafin da ya ninka wannan, amma ranar da kalifa ta kai zafin tanderu a kan titi, birkin ne zai fara ɗaukewa kafin fenti ya ce uffan. Masu tsere a fili lissafinsu daban ne. Ni daga gida zuwa Woodward nake.

Ya kuma ce hodar ifoksi ta fi jure sinadarai amma rana na mayar da ita fari-fari kamar an shafa alli, saboda haka foliyesta zai yi mini amfani da ita. Da ya tambayi launi na ce ja. Ya miƙo mini littafin launuka ya ce ja ɗin ya fi goma a ciki, wanne?

Laraba, 20 ga Maris

Wajen buɗa-baki na kawo zancen. Babban yaron, mai shekara 15, ya ce, “Baba, rawaya. Duk motocin da ake ji da su rawaya suke sawa.”

Maiɗakina ta karɓi littafin, ta juya shi a ƙarƙashin fitilar ɗaki, ta ce, “Baban yara, ko atamfa ba a zaɓenta a cikin shago. Fita da ita ake yi bakin ƙofa a duba a rana, a kuma kara ta da gyalen da za a yafa.” Na rufe littafin. Da daddare na yi odar ƙananan faifan ƙarfe da aka riga aka gasa wa hoda, guda bakwai.

Asabar, 30 ga Maris

Faifan sun iso tun Alhamis. Yawancinsu da lambar RAL na nemo su, tsarin launuka na Jamus da aka kafa a 1927, wanda amfaninsa shi ne in ka ce 3020 kowane shago ya san jan da kake nufi. Na mayar da tayar gaba ɗaya, na yanka kwali daidai girman kalifa, ina manna faifai a kai ina cusawa bayan rim inda kalifar za ta zauna. Sai in ja da baya taku goma. Na yi haka da hantsi, na yi da azahar, na maimaita bayan la'asar, sannan a ƙarƙashin fitilar gareji.

Abu na farko da na gano ya shafi dukkan launukan: kalifa a inuwa take rayuwa. Taya ta kewaye ta, rim na gabanta, fanda, wato jikin motar da ke rufe saman taya, na samanta. Duk launin da ka riƙe a hannu, in ya shiga can sai ya ƙara duhu. RAL 3003, jan da ya fi burge ni a hannu, mai zurfi kamar zoɓo, da ya shiga inuwa sai ya koma ruwan ƙasa, daga nesa ba ka raba shi da tsatsar da nake gudu.

RAL 3020 ya tsira daga inuwar, ja ne jawur. Amma motar launinta Fathom Blue ne, shuɗi mai duhu mai ɗan walƙiya, irin na rawanin da ya sha baba ya sha bugu, ga farare biyu na zane sun taso daga bonet har but. Da ja ya shiga sai ya zama launi na uku mai neman a kalle shi, ido ya bar layin motar ya faɗa cikin taya. Akwai kuma abin da na daɗe ina kauce wa faɗa wa kaina. Jar kalifa ba al'adar 1970 ba ce. A farkon shekarun 1990 ta yaɗu, daga Porsche masu tobo da birkin Brembo na Italiya, kuma abin da take sanarwa shi ne ga babban birki mai fistin huɗu ko shida. Tawa fistin ɗaya gare ta. Tana tsayar da motar yadda ya kamata, ba na jin kunyarta, amma ba na son in sa mata rigar da ba tata ba.

Rawayar yaron, RAL 1023, ta yi kyau da shuɗin fiye da yadda na zata, sai dai matsalar ɗaya ce, har ta fi: a wurin Porsche rawaya alama ce ta faifan siramik. Na yi masa bayani, ya yi shiru, na ga bai gamsu ba.

Sai shuɗi. Na ɗauka in kalifa ta yi launin jikin mota an gama magana. RAL 5003 ya kusa, amma kusa ɗin ce ta ɓata shi. Fentin motar na da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke juya haske, da hantsi ya buɗe, da yamma ya rufe, hodar kuwa tana nan yadda take. Launuka biyu da suka kusa zama ɗaya ba su zama ba, ido yana karanta su a matsayin kuskure. A inuwar rim ma baƙi yake komawa. Na kira mai shagon kan irin shuɗin nan mai gani-har-hanji da ake ɗorawa a kan ruwan azurfa. Ya ce sau biyu ake gasawa, kuma duk inda hoda ta fi kauri launin zai fi duhu, a kan zubi mai kaushi da lunguna kuwa dabbare-dabbare zai fito. Na bar shi.

Saura baƙi, RAL 9005, da ruwan toka mai ɗan ƙyalli, RAL 9007.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Maƙwabcina dattijo ne da ya yi shekara talatin a masana'antar haɗa motoci kafin ya yi ritaya. Ya ga ƙofar gareji a buɗe ya shigo, ya tarar da ni da faifaina. Ra'ayinsa ɗaya ne kuma bai ɓoye ba: kalifar waɗannan motoci ba a yi mata kwalliya ba, launin ƙarfenta ta fito da shi, kuma alƙalan gasar mayar da mota asalinta abin da suke nema ke nan. Ya ce akwai hodar da ke kwaikwayon launin sabon zubi, in sa ta in huta.

Na gwada 9007 a gabansa, kuma gaskiya ta yi. Ta saje da faifan birki da yatsun rim, tayar ta yi tsaf, ba abin da ke jan ido. Mutumin da ya san motocin nan tun suna sababbi ba a yi wa maganarsa riƙon sakainar kashi. Amma na ce masa motata ta riga ta bar hanyar gasar asali tun ranar da na sa rim mai inci 17. In da ɓoye kalifar nake so, da na bar mata rim ɗinta na da. Ya gyaɗa kai, ya ce motarka ce.

Shi ne kuma ya tuna mini baya. Birkin baya na wannan mota ganga ce mai inci 9.5, ba faifai ba, ita ma ana ganinta ta cikin rim. In gaba na da launi, me za a yi da ita? Wasu suna yi mata launi ɗaya da kalifa, sai ta zama kamar faranti mai haske a bayan taya. Wannan ban yi jinkiri a kansa ba: baƙi marar sheƙi, ta koma cikin duhu.

Da daddare na daɗe ina kallon kalifofin Wilwood na Kalifoniya, na alminiyum masu fistin biyu, waɗanda ke shiga gurbin nawa ba tare da sauya komai ba, kuma da fentinsu suke zuwa, ja ko baƙi. Da na saye su da aiki ya ƙare a mako guda. Sai dai nawa tare da motar suka tsufa, sunan masu zubinsu na jikinsu, kuma lafiyarsu ƙalau.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba. Yau na buɗe bonet don in mayar da batirin da na ajiye a cikin gida tun Nuwamba. Na duƙa ina ɗaure kan batiri, idona ya sauka a kan injin, na tsaya da sifana a hannu. Ruwan goro ne. Shekara nawa ina kallonsa kewaye da wannan shuɗin, bai taɓa yi mini faɗa da shi ba.

Da wannan launin Chevrolet ke fentin injinansa tun daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa 1977, lokacin da aka koma shuɗi. Mutanen nan da launin inji suke gane gida: Ford shuɗi, Hemi na Chrysler wani ruwan goron nasa daban. Ke nan motar tana da launi na uku tun asali, rufe yake a ƙarƙashin bonet. In kalifa ta ɗauke shi, ba aro ta yi daga Jamus ko Italiya ba.

Na kira yaron na nuna masa. Ya dubi injin, ya dubi taya, ya ce, “Baba, ai ya kusa da rawaya.” Na yi odar faifai uku: RAL 2004, RAL 2002, da wata hoda da masu sayarwa ke kira da sunan launin injin Chevrolet.

Talata, 23 ga Afrilu

RAL 2004 ya cika haske, kamar rigar masu aikin titi. RAL 2002 ya karkata ga ja, a inuwa ya koma inda 3020 yake. Na ukun ya zauna a tsakani, kuma da na kara shi a jikin injin bambancin kaɗan ne, na fentin da ya sha zafi da sabo. A bayan rim inuwa ta rage masa tsawa, ya zama kamar goron da aka tauna aka bari ya ɗan jima. Ana ganinsa, amma ba ya ƙwace ido daga farin zanen.

Na yi gwaji biyu kafin in yanke. Na lakato baƙar ƙurar birki daga rim ɗin motar maiɗakina na shafa wa faifan da suka rage, domin kalifa mai tsabta ta kwana ɗaya ce, sauran shekara da ƙurarta za a gan ta. Ruwan toka bai nuna komai ba. Ruwan goro ya dusashe ya koma kamar jar ƙasa, amma tsumma ɗaya ya dawo da shi. Mai cikakken sheƙi ya fi marar sheƙi saurin gogewa, ƙura ba ta samun wurin maƙalewa, don haka mai sheƙi zan sa duk da zai ɗan fito da kaushin zubin. Na kuma ɗiga man birki a gefen kowanne na bar shi awa ɗaya. Bai ɗaye ba kamar yadda yake yi wa fentin gwangwani, amma ya bar tabo dishi-dishi. Na riƙe wannan a rai.

Tsakanin toka da goro na kwana biyu. Toka ba za ta taɓa ba ni kunya ba, kuma ba za ta taɓa sa in waiwayo in na kulle motar na tafi ba. Na kira mai shagon na ce ruwan goro.

Juma'a, 3 ga Mayu

Ya kira ni in zo in gani. Ta hagu ta fito lafiya. Ta dama duk bayanta ƙananan huji ne kamar an tsattsaga da allura, wasu da ƙuraje a bakinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi shiru na ɗan lokaci kafin in iya tambaya.

Ƙarfen zubi yana da ƙofofi da ido ba ya gani, kuma shekara hamsin da huɗu yana shan mai da giris da danshi. Feshin yashin da ake kankare tsatsa da shi kafin fenti saman kawai yake wankewa. In ya shiga tanderu abin da ke ciki sai ya zama iska ya huda hodar tana cikin narkewa. Maganinsa a fara gasa ƙarfen tsirara a zafin da ya fi na fentin, wajen 450 a Faranhait, har ya gama amayar da abin da ya sha. An yi wa biyun haka, amma ta dama ita ce mai rubabben fistin, ta daɗe tana yoyo, ta fi ƙoshi da mai. Zai cire fentin, ya sake feshin yashi, ya ninka lokacin gashin farko, ya sa share fage da aka yi don irin wannan ƙarfe. Na ce a yi wa duka biyun, don kada launinsu ya bambanta.

Tun da na je, na sake bin wuraren da hoda ba za ta taɓa ba, ina nuna masa da yatsa: ramin fistin da kwarin da roba ke zama, bakin da robar ƙura ke shiga, zaren notin iska, fuskar da wosha ta tagulla ke kwanciya a wajen tiyo, da cikin kunnuwan da notuna ke zamewa. Toshen silikon da tef mai jure zafi ake rufe su da shi. Silin gashi ɗaya na hoda a cikin kunnen nan ya isa ya hana kalifa zamewa, takalmi ɗaya ya ci ya bar ɗaya.

Asabar, 18 ga Mayu

Na karɓo su jiya. Ba huji ko ɗaya. Na kai su rana na juya ta kowace fuska. A can cikin lungun da faifai ke wucewa hodar ta ɗan yi sirara, mai shagon ya riga ya gaya mini cajin lantarki yana ture hoda daga kusurwa mai zurfi, sai an rage ƙarfin bindiga ake samu ta shiga. Wurin ba a ganinsa, kuma ya rufu. Sunan Delco Moraine ya fito raɗau, har ya fi lokacin da tsatsa ta cike haruffan.

Yau muka haɗa da yaron. Na wanke ramin da sabon man birki, na shafa wa robar, na zaunar da ita a kwarinta, na tura sabon fistin da hannu a hankali don kada ya karkace. Sababbin robobin kunne, ɗan giris na silikon a notuna, sababbin wosha biyu a kowane tiyo. Na shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin aiki don kada ƙarfe ya karce su. Yaron ya ɗauko ta hagu zai kai dama, na nuna masa yadda ake ganewa: notin iska dole ya kalli sama, in ya kalli ƙasa iskar ba za ta taɓa fita ba. Takalman birki na siramik na saya, ƙurarsu ta fi ta masu garin ƙarfe haske da ƙaranci.

Lahadi, 26 ga Mayu

Fitar da iska. Na yi tunanin komawa DOT 5, na silikon, mai launin shunayya, wanda ba ya cin fenti. Amma ba ya haɗuwa da DOT 3, sai an wanke bututu duka an sauya robobi har na baya, kuma wasu na kukan feda na yin laushi da shi. Na tsaya a DOT 4, wanda ke haɗuwa da abin da ke ciki, kuma sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salshiyas.

Yaron na ciki yana taka feda, ni ina ƙasa da sifana da siririn tiyo a kwalba. Daga baya ta dama muka fara, muka ƙare da gaba ta hagu. A ta ƙarshen tiyon ya zame, mai ya gangaro. Na wanke da ruwa nan take, sai dai wani ɗigo ya ɓuya a ƙarƙashin notin ban gan shi ba sai da safe. Ya bar tabo kamar ƙwayar gero. Sai an cire taya ake ganinsa. Ya dame ni duk da haka.

Asabar, 8 ga Yuni

Na fitar da ita wani titi marar cunkoso don takalma su zauna a kan faifai: gudu zuwa mil 35 a awa, taka birki har kusan tsayawa, sake tashi, sau goma, sannan tafiya mai ɗan nisa ba taka birki don su huce. Ba ta ja gefe, feda na da tauri. Da na dawo na haska kalifofin da ma'aunin zafi, ko rabin zafin tanderu ba su kai ba. Launi bai motsa ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Mun fita bayan asuba don mu sami wurin tsayawa, ni da yaron da dattijo maƙwabcina, wanda na ba kujerar gaba. Wannan taro a 1995 aka fara shi a Ferndale don tara kuɗin filin ƙwallon yara, yau kuwa titin daga can har Pontiac cike yake da motoci da masu kallo a kan kujerun naɗewa. Mun yi zagaye biyu a hankali, ƙafata ba ta sauka daga birki ba, sannan muka faka a Royal Oak na ɗaga bonet.

Na ga jajayen kalifofi ba iyaka, wasu sun dace da motocinsu sosai. Wani mai Camaro ta 1969 da ya faka kusa da mu ya leƙa injin, ya sauke ido kan taya, ya sake ɗagowa kan injin, ya tambaye ni sunan hodar. Yaron ne ya ba shi amsa, har da labarin hujin allura. Dattijo na gefe yana saurare. Da mutumin ya tafi ya ce har yanzu da motarsa ce toka zai sa, amma ya duƙa ya shafa kalifar da babban yatsa, ya duba ƙurar da ta fito, ya ce aikin rufe kunnuwan ya yi kyau.

Mun iso gida bayan magariba. Na bar su suka huce, na kawo ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori, na fara da ta hagu.